INA MAI ILMIN AL'ADU ZAI CI ABINCI?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta tashi a ɗakin kwananmu ran wata Asabar da dare, bayan an ɗauke wuta. Muna hira a kan abin da ko wannenmu zai yi in ya gama nan, sai na ce ni in Allah ya yarda, in na yi 'yan shekaru ina koyarwa na tara guzuri, jami'a zan tafi in karanta ilmin nan da Turawa su ke kira antaropoloji. Kafin in rufe baki ɗaki ya ɗauka da dariya. Wani abokina, wanda na ke ganin girmansa ƙwarai, ya ce, "Ashe ba ka tausayin iyayenka! Wannan karatu ai ƙofarsa ɗaya ce. In ba ka zama farfesa ba, sai ka dawo ka riƙa yi wa yara tatsuniya." Na yi ta ƙoƙarin ba shi amsa har barci ya raba mu. Tun da na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, na ga ya kamata in kawo amsata nan, kowa ya gani ya auna.

Maganar ta yi mini zafi ne don ta taɓa gidanmu. Ina da ya, wadda na ke bi, ita ce ta fara shiga jami'a a zuriyarmu duka, wannan ilmi kuwa shi ta karanta. Mahaifinmu mai wa'azin ƙauye ne, manomi, sai da ya sayar da bijimin nomansa kafin ta gama. Ta fito da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta zauna shekara biyu tana rubuta takardun neman aikin koyarwa a jami'o'i, ba wanda ya ko amsa mata. Daga nan ta haƙura ta shiga waɗansu ayyuka, waɗanda zan faɗa a gaba. Yau ita ke biya mini kuɗin makarantar nan, ita ta sake wa gidanmu rufi. Duk da haka in ta je gida Kirsimeti sai ka ji tsofaffi suna ce mata, "Sannu, Allah ya kawo aikin." A wurinsu wanda bai sami ofis guda da kujera guda da fansho ba, bai sami aiki ba tukuna.

Bari mu fara da sanin abin da a ke gardama a kansa, don na lura rabin masu dariyar nan ba su san shi ba. Kalmar ta Helenanci ce, ma'anarta sanin ɗan Adam. Ilmin yana da rassa. Akwai masu duban ƙirar jiki da ƙasusuwa, akwai masu tono kayan mutanen zamanin da, akwai masu bin harsuna, akwai kuma masu bin al'adu da zaman jama'a. Wannan na ƙarshe shi na ke nufi, shi zan riƙa kira ilmin al'adu. Mai wannan ilmi ya kan tafi da kansa ya zauna cikin mutanen da ya ke so ya sani, wata da watanni, ya koyi harshensu, ya ci abin da su ke ci, ya je kasuwarsu da bikinsu da jana'izarsu, ya yi ta kallo da tambaya, da dare ya rubuta abin da ya gani tun bai manta ba. Wani mutumin ƙasar Folan mai suna Malinowski shi ya kafa wannan hanya sosai, sa'ad da ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Amfaninta shi ne, abin da mutum ya ke gaya wa baƙo dabam, abin da za a gan shi yana yi in baƙon ya zama ɗan gida dabam. Ba kuwa ƙarya ya ke yi ba. Akwai abubuwan da ya saba da su har ba ya ganinsu, kamar yadda ba mai jin warin ɗakinsa.

To, yanzu mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. A Nijeriya ana koyar da ilmin nan a jami'o'i kamar ta Badun da ta Nsukka. Malami guda ya kan yi shekara talatin a kujerarsa. Ko wace shekara ɗalibai suna fita daga hannunsa, in an tara su har ran da zai yi ritaya sai a sami ɗaruruwa. Ran da ya tashi, kujera nawa zai bari? Ɗaya. To, sauran fa, ina suka shiga? Haka abin ya ke har a Ingila da Amurka, yawancin waɗanda suka karanta ilmin nan a waje da jami'a su ke cin abinci. Ba mu kuwa taɓa cewa wanda ya karanta lissafi ya tafi banki, ko ya zama safiyo, karatunsa ya lalace ba. Don me sai mai ilmin al'adu ne za a ce masa ya fāɗi in ya fita ƙofar jami'a? Banki kuɗi ya ke juyawa, shi ya sa ya ke neman mai lissafi. Asibiti da gidan rediyo da kamfani da ma'aikatar gona, da mutane su ke hulɗa, ashe kuwa suna bukatar wanda ya san mutane.

Ga masu son misali daga manya, ba sai mun yi nisa ba. Dokta Nnamdi Azikiwe ya sami digiri na biyu a wannan ilmi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Da ya dawo Afirka aikin jarida ya shiga, ya yi edita a Ankara ta Gwalkwas, sa'an nan a 1937 ya kafa tasa jaridar, West African Pilot, a Ikko. A 1963 ya zama Shugaban Ƙasar Nijeriya na farko. Jomo Kenyatta kuma ya yi karatu a hannun Malinowski ɗin nan a London. A 1938 ya fitar da littafi a kan al'adun mutanensa Kikuyu, inda ya bayyana yadda su ke mallakar gonakinsu tun kafin Turawa su ƙwace, a 1964 kuwa ya zama Shugaban Kenya. Ba na cewa ilmin al'adu ne ya naɗa su, ba na kuma yi wa kowa alkawarin sarauta. Abin da na ke so a lura shi ne, ko wannensu ya haɗa ilmin da wata sana'a, ɗaya da alƙalamin jarida, ɗaya da siyasa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ga kuma gidajen ajiye kayan tarihi. Bernard Fagg ya zo Nijeriya a 1939 aikin mulki, amma a Kambirij ya karanta ilmin nan da na tono. A wajajen Jos masu haƙar kuza su kan ci karo da kawunan yumɓu, har akwai wanda wani ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata ɓarayin gona na daji. Fagg ya gane ba abin wasa ba ne, ya bi sawu, yau duniya duka ta san kayan Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Shi ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Na Ikko kuwa, wanda aka buɗe a 1957, aikin Kenneth Murray ne, shi ko malamin zane ne ya zo, watau malamin makaranta irinmu. A 2022 Jamus ta yarda ta mayar wa Nijeriya mallakar kayan Bini fiye da 1,000, cikin waɗanda sojan Ingila suka kwasa a 1897. In kaya irin waɗannan sun dawo, wa zai kula da su, wa zai bi tsofaffi ya rubuta asalinsu, wa zai tsaya gaban 'yan makaranta ya bayyana musu? Wannan ma aiki ne.

Inda amfanin ilmin nan ya fi fitowa fili shi ne wajen kiwon lafiya. A 2003 waɗansu jihohin Arewa suka tsai da allurar shan inna, Kano ba ta koma ba sai a Yuli 2004. A sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Indonesiya. Masu zama a ofis suka ce jahilci ne kurum. Amma masu bincike da suka shiga gidaje suka zauna da iyaye, irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, sun tarar akwai tambaya mai ma'ana a bakin mutane: don me za a biyo mu har gida da maganin shan inna kyauta, alhali in yaro yana fama da zazzaɓi ko ƙyanda sai mun biya a asibiti? Mutane kuma ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 suka rasu. Wanda ya ke da irin wannan tambaya, tsawa ba ta gamsar da shi. Sai da aka jawo sarakuna da malamai, aka kuma haɗa allurar da waɗansu magunguna da mutane su ke bukata, kana abin ya miƙe. A Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sa'ad da cutar Ebola ta auka wa Gini da Saliyo da Laberiya daga 2014 zuwa 2016, ta kashe mutum fiye da 11,000, wankan gawa yana cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. A ƙasar Kissi ta Gini wata mace mai ciki ta rasu. Al'adar mutanen ta hana a binne mace da ɗa a cikinta, likitoci kuwa suka ce taɓa gawar da wuƙa haɗari ne babba. Kowa ya kafe. Sai aka kira Julienne Anoko, 'yar Kamaru, masaniyar al'adu mai aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita ta san da wuya a sami al'adar da ba ta tanadi hanyar gyara ba in an kasa cika ta. Ta yi ta cigiya har ta sami wani tsoho da ya san hanyar. Aka kawo akuya da farin ƙyalle da gishiri da mai da shinkafa, aka yi abin da za a yi, aka binne matar lafiya, ba wanda ya taɓa gawar da hannu. Ko mun yarda da al'adar ko ba mu yarda ba, rayuka sun tsira da kuɗin akuya guda. Akwai ma waɗanda suka haɗa ilmin da likitanci gaba ɗaya, kamar Paul Farmer, wanda ya yi ta aiki cikin talakawan Haiti da Ruwanda har ya rasu a 2022, da abokinsa Jim Yong Kim, wanda ya shugabanci Bankin Duniya daga 2012 zuwa 2019.

Haka kuma wajen manyan ayyukan gwamnati. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, mutum fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu, tsohon garin Busa ya nutse. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, rikicin gonaki da diyya ya kai har a Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi hasarar rayuka da yawa. Injiniya ya san inda ruwa zai kai. Amma wa ke da gonar nan, wa ya ara, wa ke da itacen ɗorawar da ke cikinta, ina makiyaya su ke bi da rani, ina kaburburan kakanni? Waɗannan ba su cikin taswirarsa. Bankin Duniya ya ɗauki masanin zaman jama'a na farko, Michael Cernea, a 1974, a 1980 kuma ya kafa ƙa'ida a kan yadda za a yi da mutanen da aiki ya tayar. Yanzu masu ba da rancen irin waɗannan ayyuka su kan nemi a fara binciken halin mutanen wurin tun ba a sa diga ba. Wa ya fi cancanta da wannan bincike, baƙon da za a ɗauko daga Turai da tafinta, ko ɗan ƙasa mai jin harshen?

Har 'yan kasuwa sun gano amfanin abin. Kamfanin Xerox na Amurka ya ɗauki wata masaniyar al'adu, Lucy Suchman, ta ɗauki hoton mutane masu ilmi suna ta fama da injin kwafe takardu, sun kasa sarrafa shi. Masu ƙera injin suka gani da idonsu cewa abin da su ke zato mai sauƙi ne, ga wanda bai ƙera shi ba ba sauƙi. Kamfanin Intel, mai yin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ɗauki Genevieve Bell a 1998 don ta shiga gidajen mutane a ƙasashe dabam dabam ta ga yadda su ke amfani da na'urori. Gillian Tett kuwa al'adun aure ta bincika a wani ƙauye na Tajikistan, daga baya ta shiga jaridar Financial Times. Ta dubi manyan ma'aikatan banki kamar yadda ta dubi mutanen ƙauyen nan, ta lura da abin da su ke taƙama da shi da abin da ba su son a tambaya, ta yi gargaɗi a kan irin bashin da su ke juyawa tun kafin kasuwar kuɗi ta duniya ta rushe a 2008.

Yanzu bari in komo kan yata. Aikinta na farko shi ne bi gida gida tana cika takardun tambaya na wata ƙungiyar lafiya, ana biyanta kullum kamar lebura. Ta lura amsar da mace ta ke bayarwa in uwar miji tana zaune dabam ce da wadda ta ke bayarwa in sun keɓe a madafa. Ba wanda ya sa ta, ta rubuta wannan a shafi biyu ta miƙa wa shugabanta. Kafin wata uku an mai da ita mai horad da sauran masu tambaya. Da wannan aiki ya ƙare ta shiga wani gidan rediyo tana shirya shirin lafiya da Hausa, a can ta koyi ɗaukar murya da tsara magana gajeriya. Daga nan wani kamfani mai aika kuɗi ta waya ya neme ta, don matan kasuwa suna buɗe asusu su watsar, an rasa dalili. Ta yi mako shida tana zaune gefen wata mai sayar da daddawa. Ashe da yawa cikin matan ba su iya karanta saƙon da ke shigowa, sai ɗa ko miji ya karanta musu, shi ke nan asirin ɗan abin da suka tara ya tonu. Uwar adashi kuwa ba ta tona asiri. Kamfanin ya sake tsarin saƙonsa. Ayyuka huɗu ke nan ta yi cikin shekara bakwai, ba ko ɗaya da aka rubuta sunan digirinta a ƙofarsa, amma duka da kayan aiki ɗaya ta yi su: ido da kunne da littafin rubutu.

Ba zan ɓoye abin da a ke zargin ilmin nan da shi ba, don zargin yana da tushe. Ya daɗe yana yi wa masu mulki hidima. Tun 1909 gwamnatin Turawa ta ɗauki Northcote Thomas ya binciki al'adun Bini da na Ibo. Bayan boren matan Aba na 1929, inda aka harbe mata fiye da 50, aka tura C. K. Meek ƙasar Ibo ya gano yadda mutanen su ke mulkin kansu, don a san yadda za a riƙe su. A zamaninmu ma sojan Amurka sun yi ta ɗaukar masu irin wannan ilmi zuwa Iraƙi da Afganistan daga 2007 zuwa 2014, har ƙungiyar masanan ta Amurka ta fito ta yi tir da abin. Amsata ita ce, wuƙar da mahauci ya ke aiki da ita, ita ce a hannun ɗan fashi. Wanda ya fita jami'a ya shiga aikin albashi, shi ya fi bukatar tsoron Allah, don mai biyansa dabam, waɗanda suka buɗe masa ƙofar ɗakinsu dabam. Wajibi ne ya gaya wa mutane wanda ya aiko shi, ya nemi yardarsu, ya rufe sunayensu, kada kuma ya miƙa abin da zai cuce su. An taɓa kawo wa yata aiki mai tsoka, a wani yanki da a ke son karɓar fili, aka ce ta gano dattawan da za a iya saye. A lokacin ba ta da aiki, kuɗin hayarta ya ƙare. Ta ce a kai kasuwa. Da ta karɓa, da ban rubuta wannan takarda ba.

Zargi na biyu shi ne na abokina, cewa irin wannan rayuwa ba ta da tabbas. Gaskiya ne. Aikin kwangila ya kan ƙare, ba fansho, wani lokaci a yi wata huɗu ana zaune. A 2025, da gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin agajin da ta ke bai wa ƙasashen waje, ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan sun wayi gari ba aiki. Akwai kuma wata hasara, binciken da ya kamata a yi shekara ana yi sai a ce a gama cikin mako uku, a sami na sama sama. Amma mu tambayi kanmu, kujerar jami'ar da a ke yabo, ita tana da tabbas? A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, aka riƙe musu albashi. Abin da ya faru a 2025 kuwa ni hujja ya ƙara mini, don wanda ya dogara ga ƙungiya ɗaya shi ya fi shan wuya, wanda ya san hanyar rediyo da ta kamfani da ta aji ya sami inda zai raɓa. Manomin kirki ba ya shuka gero kaɗai, ya kan sa wake a tsakani.

Ga wanda ya ke da niyya irin tawa, ga abin da na tsinta daga bakin yata da karatun da na yi. Na farko, a haɗa ilmin da wata sana'a da a ke nema da sunanta, ko koyarwa, ko aikin jinya, ko jarida, ko aikin gona, ko kwamfuta. Sana'ar ita ke buɗe ƙofa, ilmin shi ke sa a riƙe ka in ka shiga. Na biyu, harshe. Mu da mu ke zaune nan muna jin Hausa da Turanci, da yawanmu kuma da harshen iyaye, ga na mutanen garin nan a bakin ƙofa kyauta, amma sai mu yi shekara uku ba mu iya ko gaisuwa ba. Wannan hasara ce. Na uku, a koyi rubutu gajere. Shugaban ma'aikata ba zai karanta shafi 300 ba, shafi biyu ya ke so, a gaya masa abin da aka gani da abin da ya kamata ya yi ran Litinin. Na huɗu, kada a guji lissafi, don labari in ba adadi a kan ce hira ce, adadi in ba labari ba a san abin da ya ke nufi. Na biyar, kada a raina ƙaramin aiki, kada kuma a jira tallar aiki mai ɗauke da sunan digiri, don da wuya ta fito. Na shida, in an sami albashi a yi tanadi, sabo da ranar da kwangila za ta ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila wani ya ce, mu da za mu zama malaman makaranta, ina ruwanmu? Bari in faɗi abin kunyar da na yi bara, sa'ad da aka tura ni koyon koyarwa a wata makaranta kusa da Sabo. Akwai wata yarinya a ajina da ba ta zuwa sai wajen ƙarfe tara, bayan an gama darasin lissafi. Na sa ta durƙuso, na sa ta shara, ba ta ce uffan ba, gobe ta sake. Na rubuta a littafina cewa malalaciya ce. Wata tsohuwar malama ta ce mini, "Ɗana, ka taɓa zuwa gidansu?" Na tafi ran Asabar, aka yi mini iso har zaure. Ashe uwar tana cikin kulle, ƙosai ta ke toyawa, yarinyar ce ƙafarta da bakinta a kasuwa, sai ta sayar ta kai ciniki kana ta taho. Da cinikin nan a ke sayen littattafanta. Daga baya na karanta cewa wata masaniyar al'adu, Enid Schildkrout, wadda ta yi yawancin aikinta a wani gidan tarihi na New York, ta rubuta wannan tun shekarun 1970 a kan yaran Kano masu talla. Ban iya hana tallar ba, amma na roƙi hedimasta aka mai da lissafi bayan tara. Sai ga shi duk ajin ba mai kama ta a lissafin ka, don kullum da canji ta ke kwana. Mako uku na yi ina horon yarinyar da ta fi kowa, don ban tambaya ba.

Sabo da haka ina da roƙo biyu. Na farko ga hukumar kwalejinmu: in an tura mu koyon koyarwa, a sa ko wane ɗalibi ya ziyarci gidajen yara ko da biyar ne, ya rubuta abin da ya gani, a duba shi kamar yadda a ke duba shirin darasi. Na biyu ga 'yan'uwana: in mun je hutu, kowa ya zauna da tsoho ko tsohuwa guda ya rubuta labarin rayuwarsu, mu kawo wa Edita. Mary Smith ba ta da kujera a jami'a sa'ad da ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da ta faɗa, littafin Baba ta Karo ya fito a 1954, har yau ana karanta shi. Ni a makarantar mishan na tashi, ina kuma gode wa waɗanda suka koya mini karatu, amma kakana ya rasu da sunayen duwatsunmu da waƙoƙin girbinmu a cikinsa, ban tambaye shi ba, don na ɗauka kayan duhu ne. Kada wannan ya sami waninku.

Abokina kuwa, na san zai karanta wannan. Ina jiran amsarsa a fitowa ta gaba, in Edita ya ba shi fili. Amma in wata rana yaro ya zo ya ce masa, "Malam, ina so in karanta ilmin al'adu," ina roƙonsa kada ya yi dariya. Ya tambaye shi wace sana'a zai haɗa da shi, wane harshe zai ƙara, kuma ko zai iya riƙe amanar mutane. Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama lafiya, amin.